Amsa ga ƙanwata mai ciwon gwiwa da ke son tattakin Santiyago

Ƙanwata, tun daren jiya na karanta tambayarki, barci ya ƙi zuwa. Kin ce kina son zuwa kabarin Manzo Yaƙub a Santiyago ta ƙasar Sifaniya a ƙafa a 2027, gwiwarki ta dama tana damunki, waɗanda za ku tafi tare duk yara ne a kanki, kuma kina tsoron ki zame musu kaya a hanya. Wannan tsoron na san shi ciki da bai. Na ga masu ce miki ki ba da gaskiya kawai, Ubangiji zai ɗauke ki. Ba na musu da su. Amma ni na taka hanyar, kuma da irin gwiwarki na taka ta.

Kafin maganar gwiwa, ki ji wannan ko da ba shi kika tambaya ba. Fasfonki, kuɗinki da ɗan littafin nan na shaidar matafiyi da ake buga wa hatimi a hanya, su kwana a jikinki su tashi a jikinki. Ko wane ne ya ce ki kawo ya adana miki, ki ce kin gode.

Mu namu jagoran (waɗanda suka san shi sun san shi, ba zan kira suna ba) tun a Sarria, garin da muka fara tattakin, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya karɓe littattafan, wai mata za su jiƙa su da ruwa. Ya ɗaga hannu sama ya ce babu wanda za a bari a baya, muka ce amin. Ya riga ya yanka tafiyar gida biyar kamar yadda ya gani a intanet, ya kama ɗakuna ya biya, bai tambayi kowa shekarunsa ba balle lafiyarsa. Daga Sarria zuwa Portomarin na daure. Zuwa Palas de Rei ma na daure, ina jan ƙafa, ina isa bayan kowa ya yi wanka ya ci abinci. Ranar da aka ce daga Palas de Rei sai Arzua, kusan kilomita 29, ranar na gane ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Tun asuba ake yayyafi. Hanyar hawa da gangara ce, ba ta hutawa. Kafin azahar gwiwar ta kumbura, farcen babban yatsana na hagu ya yi baƙi, duk taku ɗaya sai na ji shi har cikin kaina. Na ce masa mu tsaya a Melide, tunda nan ne kusan rabin hanya. Ya dubi agogo. Wallahi agogo ya duba, bai dubi ƙafar ba. Ya ce, "Mama, kin ga an riga an biya kuɗin ɗaki a Arzua, ki biyo mu a hankali, kibiyar nan mai ruwan ɗorawa da ke nuna hanya ba ta ɓatar da kowa." Suka wuce. Da littafina a jakarsa. Yaran da nake kira 'ya'yana, ɗaya ce kawai ta waiwayo, ita ma ya daka mata tsawa.

Na shiga Melide zanina ya jiƙe sharkaf, ya manne a cinyoyina har ya goge min fata. Na je masaukin matafiya na gwamnati, matar da ke wurin ta tambayi littafin. Ba laifinta ba ne, ƙa'ida ce: ba littafi, ba gado. Ba ta jin Turanci sosai, ni ba na jin yarensu, wayata babu layin ƙasar, jagoran kaɗai ya saya don wai ɗaya ya ishe mu. Na fito na zauna a dakalin wani coci, na ciro carbina, na kasa wuce Gaisuwar Maryamu ta farko. Ba kuka nake ba, haushi ne ya toshe min maƙogwaro. Mace da jikokinta, a ƙasar mutane, kamar wadda aka jefar. Wasu mata biyu 'yan Koriya ne suka tsaya, suka cire min takalmin da hannunsu, ɗaya ta wanke yatsan ta naɗe shi, suka raka ni wani masauki na kuɗi. Allah Ya sa 'yan kuɗina suna cikin lalitar da na ɗaura a ƙugu.

Kin san me ya ce da na iske su? "Ai na san Uwarmu Maryamu ba za ta bar ki ba." Ko sannu babu. Da muka dawo gida ya tsaya a gaban jama'a yana shaida, wai ya kai tumakinsa duka lafiya. Ina zaune ina ji. Na kai maganar nan wurin Fada a ikirari ba sau ɗaya ba, ya ce in yafe, na ce na yafe, amma har yau in na ji sabon farcen ya taɓa takalmi sai na tuna da agogon nan.

To. Abin da nake so ki riƙe shi ne, kwana biyar ɗin nan ba doka ba ce ta Ikilisiya. Abin da ofishin Santiyago yake dubawa kafin ya ba ki takardar shaidar nan da ake rubutawa da Latin shi ne kin taka aƙalla kilomita 100, kuma akwai hatimi biyu a littafinki kowace rana. Daga Sarria wajen kilomita 115 ne. Ko kwana takwas kika yi, takardarku iri ɗaya ce da wanda ya yi gudu. Ki zaunar da yaran tun yanzu, kafin a sayi tikiti, ki ce a Melide za ki kwana, kuma wa zai tsaya tare da ke? In aka fara kame-kame, kin sami amsarki tun kina gida. Hatimin kuma ba wuya, coci-coci da wuraren shan shayi da masaukai duk suna bugawa.

Gwiwa kuwa, ki je likita ya duba ta yanzu, ba ana saura sati biyu ba. Kada ki ɗora kanki a kan ibuprofen ba da saninsa ba, musamman in kina da olsa ko hawan jini. Kuma ki sani Katsina za ta ruɗe ki. Garinmu shimfiɗe yake, sai ki taka daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri ki dawo ki ce ai kin shirya. Can Galisiya, yankin da hanyar take, tudu ne da kwari, kuma gangara ta fi hawa cin gwiwa nesa ba kusa ba. Ki nemi bene, ko na wurin aikinku, ki riƙa hawa da sauka da jakar a bayanki. Kina isa Portomarin ma, bayan kin ƙetare doguwar gadar kogin Miño kin gaji liƙis, matakala ce za ta tare ki kafin ki shiga garin, don asalin garin ruwan dam ya cinye shi, cocinsu ma dutse-dutse aka kwashe shi aka sake ginawa a kan tudu.

Ki fara atisaye da watanni, da sassafe bayan Mas, kafin rana ta buɗe. Ki riƙa yin kwana biyu a jere, don ciwon ba a ranar farko yake ba, a washegari yake, lokacin da za ki sa kumburarriyar ƙafa cikin takalmi ki sake fita. Masu Napep za su dame ki da hon, wasu su tambaya ko lafiya, ki ƙyale su. Cikin gari kawai don Allah, kada ki ce za ki miƙe hanyar Jibiya ko Batsari don neman nisa, kin san halin da ake ciki. In damina ta sauka, ki fita cikin ruwan da gangan ki gwada kayanki. Can ruwa ba shi da lokaci, kuma atamfa in ta jiƙe ba ta bushewa kafin safiya. Dogon wando mara nauyi a ciki, doguwar riga a sama, ba wanda zai ce kin yi shigar banza.

Takalmi ki saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ya fi ƙafarki kaɗan, yatsu su sami wurin motsi. In na gwanjo ne ki lanƙwasa shi da kyau a gaban mai shi, tsohon gam yana saki a cikin ruwa. Ki taka shi har ya saba da ke. Safa kada ta zama ta auduga. Yanke farce. Man kaɗanya a tsakanin yatsu kowace safiya, shi ya fi min komai amfani. Kada ki goge kantar ƙafarki da dutse ana gobe tafiya don kwalliya, ita ce garkuwarki. In bororo ya fito kada ki ɓare fatar, ki wanke ki rufe da filasta. Za ki ga masu zura allura da zare su bar zaren a ciki, ni ban yarda da shi ba, hanyar ƙwayar cuta ce. In kina da ciwon suga wannan ma maganar likita ce.

Jaka, abin da aka saba faɗa shi ne kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinki. Da gwiwarki ni ba zan ma goya ba. Gidan wayar ƙasar da wasu kamfanoni suna ɗaukar jaka daga masauki zuwa masauki a kan 'yan yuro kaɗan, ke ki riƙe ruwa da rigar ruwa da magani. Wancan mutumin ya ce mana wai wannan rage lada ne. Shi da ya bar tsohuwa a ruwa yake lissafin lada! Sai dai ki tambaya tukuna, ba kowane masauki ne yake karɓar jakar da aka aiko ba. Na gwamnati ba a kama gado tun kafin a zo, wanda ya riga isa shi ke samu, ana rufe ƙofa ƙarfe 10 na dare, kafin 8 na safe kowa ya fita. Mai tafiya a hankali irinmu gara ta kama na kuɗi. Balle 2027, da ranar Manzo Yaƙub, 25 ga Yuli, ta faɗo Lahadi, shekara ce mai tsarki, jama'a za su yi yawa ƙwarai. Ki duba katifa saboda kuɗin cizo, ki tafi da abin toshe kunne saboda minshari.

Kilishi kada ki ɗauka, ba a shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje, za a karɓe a filin jirgi. Dabino ba matsala. In ba kya cin alade ki riƙa tambaya, yana cikin abincinsu da yawa, har miya. Biza kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ki sa layinki na kanki a waya, lambar gaggawa 112 ce.

A babban cocin akwai Mas na matafiya ƙarfe 12 na rana, ba a shiga da jakar goyo, ki ajiye ta tukuna. Ƙaton kaskon turaren nan da ake lilo da shi ba kullum ake kaɗa shi ba, kada ranki ya ɓaci in ba ki gani ba.

Sandunan tafiyata guda biyu suna nan, ki aiko yaro ya karɓa ko in kawo miki cocin Saint Martin ranar Lahadi. Robar ƙasan ɗaya ta cinye, sai kin sauya. Ki sa su cikin babban akwati, ba lallai a bar ki ki shiga jirgi da su a hannu ba.