Ga ƙanwata da NELFUND ta biya mata, makaranta ta ce ba ta gani ba

Allah sarki ƙanwata, ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don ramin da na faɗa ke nan. Kin ce shafin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, ya nuna an tura kuɗin makarantarki, fotal ɗin makaranta kuma tana cewa ba ki biya ba, ga rajista za a rufe, ko ki biya da kanki?

Ni na biya. Ina cikin waɗanda suka cika fom ɗin neman bashin tun da aka buɗe shafin a watan Mayun 2024. Da wa'adin rajista ya matso, Mama ta sayar da keken ɗinkinta, wanda da shi take ciyar da mu tun rasuwar Baba. Ina tsaye a zaure aka ɗaure shi a bayan babur, ita ko leƙowa ba ta yi ba. Bayan mako biyu kuɗin bashin suka shiga asusun makaranta, babu wanda ya sanar da mu. Sau tara ina zuwa ofishin kuɗi. Akwai wani mutum a tagar farko, ba zan manta fuskarsa ba. Na miƙa masa rasit ɗin Remita, hanyar da na biya kuɗin ta intanet, ko kallo bai yi ba, yana cin gyaɗa yana latsa waya, ya ce, “Ke kaɗai ce ɗaliba?” Ranar da azumi a bakina, tun takwas nake layi. Na fito na zauna a gindin darbejiya na yi kuka har na gode Allah. Har yau in na tuna shi raina yana ɓaci. Wata biyar kafin su mayar min da kuɗin da na biya.

Don haka kar ki je da baki kawai. Rubuta takarda zuwa ga shugaban sashen kuɗi ta hannun ofishin harkokin ɗalibai, ki haɗa hoton shafinki na NELFUND, ki sa su buga miki hatimi a kwafinki. Kuma ki nemo 'yan ajinku masu irin matsalar ku tafi tare, mu sai da muka taru mu goma sha ɗaya aka saurare mu. Ki roƙi a ba ki damar rajista ko a ƙara miki kwanaki. In ta kama dole ki biya, ki adana rasit kamar ranki.

Ki duba lambar rajistarki da ta JAMB ma, makaranta ce ke tura bayanan ɗalibai, harafi ɗaya in ya kauce sai sunanki ya maƙale. Wata ƙawata sunanta na NIN da na BVN ne suka saɓa, naira 20,000 ɗin da NELFUND ke ba ɗalibi wata-wata na kashewa ta daɗe ba ta ga ko sisi ba.

Abin da ke ci min rai, kuɗin nan bashi ne a wuyanki. Babu ruwa a kai, gaskiya ne, amma shekara 2 bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinki, ko sun amfane ki ko suna kwance a asusun makaranta. To don me za ki ji kunyar bibiya?

Keken Mama dai da kuɗin suka dawo ya riga ya yi tsada, har yanzu ba mu maye shi ba. Don Allah ki je gobe da sassafe, ki dawo ki gaya mana yadda kuka yi.