Tabarau don masu gudu: duhun gilashi ba shi ne kariya ba

Tun da hunturu ya kama, yawancin wasiƙun da ke zuwa mini daga masu fita motsa jiki a kan ido suke. Na zaɓi kaɗan a ciki.

Wani matashi daga Kano ya rubuto: "Ina zagaya filin sukuwa da gudu kowace Asabar, rana na damuna a ido. Na sayi tabarau a wurin mai talla a kan danja, an rubuta Oakley a jiki, baƙi ne wuluk, kuma kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Na yi dace ko?"

Ɗana, ba ka yi dace ba, kuma kai ma ka sani. Tabarau na gudu na Oakley na gaske yakan haura dala 100. Yaya za a yi ya sauko kan faifan mai talla da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Amma ba sunan da aka manna na ƙarya ne ya fi damuna ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda ka ce "baƙi ne wuluk" kana murna, domin wannan kuskuren ne ke cutar da mutanenmu da yawa.

A cikin hasken rana akwai wanda ido ba ya gani, ana ce masa UV. Shi ne mai ɓarnar. Idan ya daɗe yana dukan ido shekara da shekaru, yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, kuma yana haddasa wannan naman da ke tasowa daga gefen farin ido ta wajen hanci yana rarrafowa zuwa baƙin ido, wanda muke yawan gani a idon manoma da 'yan acaɓa da masunta. Ƙura da iska mai bushewa suna ƙara masa ƙarfi, mu kuwa ga mu da su. Launin gilashi ba shi ne ke tare wannan haske ba. Abin da aka yi gilashin da shi ne, ko maganin da aka shafa masa a masana'anta. Akwai gilashi fari tas mai tare UV gaba ɗaya, akwai baƙi ƙirin wanda UV ke ratsawa kamar ruwa a rariya.

Ga inda abin ya fi muni. Allah ya halicci ido da ƙofa a tsakiyar baƙinsa. In rana ta yi ƙarfi ƙofar takan tsuke, kai ma ka runtse ido ba tare da ka yi niyya ba. Da ka ɗora baƙin gilashi, sai ido ya ɗauka inuwa ta samu, ƙofar ta buɗe, runtsewar ta tafi. In gilashin ba ya tare UV, ka buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunka ke nan. Shi ya sa nake cewa jabun tabarau ya fi rashin tabarau illa. Kuma ba za ka ji ciwo yau ko gobe ba, balle ka ankara.

Za ka ce ai da takardar UV400 manne a jikinsa. Ma'anar wannan rubutu ita ce gilashin yana tare haske har zuwa tsawon nanomita 400, wato ya haɗa da nau'in UVA da UVB, kuma shi ne abin da ya kamata a nema. Sai dai wanda ya iya buga sunan kamfani na ƙarya, buga UV400 da tambarin CE, alamar cika ƙa'idojin Turai, ba zai gagare shi ba. Takarda ba shaida ba ce in ba ka yarda da inda ka saya ba. Ina takaicin yadda mutum zai tsaya ya ƙwanƙwasa kankana, ya murza shadda ya ɗaga ta a rana kafin ya biya, amma abin da zai ɗora a kan idonsa sai ya saya ta tagar mota kafin danja ta ba da hannu. Ido fa ba a sayar da shi a Sabon Gari.

Abin yi shi ne ka ɗauki tabarau ɗin ka je shagon masu yanka gilashin ido ko asibitin ido, ka tambaya ko suna da na'urar auna UV. Awon ba ya ɗaukar minti biyu. Akwai kuma gwajin gida: ƙaramar tocilan nan da ake duba jabun kuɗi da ita. Haska takardar naira a cikin duhu za ka ga alamominta na ɓoye sun fito, sannan ka saka gilashin tsakanin tocilan da kuɗin. In alamomin sun ci gaba da ƙyalli, jefar da shi. In sun ɓace alama ce mai kyau, amma ba ta kai awon na'ura ba. Sannan ka riƙe shi nesa da fuska, ka kalli gefen ƙofa ta cikinsa kana motsa shi a hankali. In layin ya karkace ko yana rawa, gilashin zai ruɗe ka wajen gane zurfin rami da bakin kwalbati, kuma mai gudu da ƙafa yake biyan wannan kuskure.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce sai mai tsada ba. Tabarau marar suna da aka yi da roba mai ƙarfi da ake kira folikabonet, in ka saya a wurin masu gilashin ido, ya wadatar. Wannan roba tana tare UV da kanta, ba ta da nauyi, kuma in tsakuwa ta fallatso daga tayar mota ko ka faɗi, ba ta tarwatsewa kamar kwalba. Araha daban, jabu daban.

Daga Kaduna: "Wane launi ne ya fi sa mutum sauri? Abokina ya ce ja."

Babu. Sauri a ƙafa da huhu yake. Ruwan toka ba ya canza launin abubuwa, ruwan ƙasa yana fito da ramuka da tudu sosai, musamman cikin hazo. Zaɓi ɗaya ka je ka yi atisaye.

Wata baiwar Allah daga Zariya: "Likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Ina sassarfa da safe da hijabi, amma tabarau yana zamewa in na yi gumi, hijabin kuma yana danna shi a bayan kunne har kaina ya yi ciwo. Ga idona yana ja yana ƙaiƙayi. Ina tsoron ko ido ne zai lalace."

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, kuma Allah ya ƙara lafiya. Kada ki bar sassarfar nan saboda tabarau, matsalar mai sauƙi ce. Nemi wanda hannayensa suke sirara kuma miƙaƙƙu, ba masu lanƙwasa sosai a bayan kunne ba, sun fi shiga ƙarƙashin hijabi ba tare da danna ba. Ya kasance da roba mai laushi a inda yake zama a karan hanci, ita ce ke riƙe shi in zufa ta zubo. Ki je kasuwa da irin hijabin da kike fita da shi, ki saka tabarau ɗin, ki sunkuya ki girgiza kai. In ya motsa a shago, a hanya faɗuwa zai yi. Wanda ya ɗan zagayo gefen fuska ya fi tare ƙura da hasken da ke shigowa ta gefe, amma kada ya manne da kumatu, don in iska ba ta shiga zai yi tururi.

Jan ido da ƙaiƙayi a wannan lokaci yawanci ƙura ce da bushewar iska. Ki wanke fuska da ruwa mai tsabta in kin dawo, kada ki murza. Amma ina roƙonki kada ki sayi maganin ɗigawa a kemis da ka. Wasu suna ɗauke da sinadarin da ke kawar da ja nan take, amma in aka daɗe ana ɗigawa yana iya ɗaga hawan ruwan ido. Tunda kina da hawan jini, dama ya dace likitan ido ya riƙa duba ki lokaci-lokaci. In kuwa da ciwo, ko gani ya ragu, ko haske yana sukar idon, kada ki jira.

Daga Yamai: "Bayan sallar asuba nake fita, kafin rana ta fito. Ina bukatar baƙin tabarau?"

A'a, Malam, kuma haɗari ne. Baƙin gilashi da duku-duku zai jefa ka a lambatu. In ƙura ce ke damunka, farin tabarau na kariya irin na ma'aikatan gini ya isa. Tabarau yana da lamba daga 0 zuwa 4 gwargwadon duhunsa. Lamba 3 ita ce ta rana tsaka, tana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske ya wuce. Lamba 2 ta dace da hantsi ko ranar hazo. Lamba 4 ta masu hawan dutsen ƙanƙara ce, an hana tuƙi da ita, kuma ba ta dace da mai gudu a gefen titi ba. In gudunka yana kai ka har hantsi, akwai gilashi mai canza launi da kansa in rana ta fito, kuma masu amfani da tabarau na likita ma ana iya yanka musu irinsa. Ka haɗa da hular hana-sallah, tana rage hasken da ke saukowa ta saman gilashi.

Wani mai shirin gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu yana tambaya ko ya ƙara kuɗi ya sayi wanda aka rubuta wa Polarized. Aikin irin wannan gilashi shi ne kashe ƙyallin da ke tasowa daga ruwa da kwalta da gilashin motoci, don haka a kan gada kusa da ruwa zai yi maka daɗi. Amma kashe ƙyalli ba tare UV ba ne, sai ka duba su biyun daban, kuma yakan sa fuskar waya ko ta wasu agoguna ta yi duhu. Ko wanne ka saya, kada ranar tsere ta zama ranar da ka fara saka shi. Yi dogon gudu da shi sau uku ko huɗu tukuna. Kuma ka daina goge shi da gefen riga. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, kartar gilashi take yi. Zuba masa ruwa ta sauka, sannan ka goge da ƙyallensa, kuma kada ka bar shi a gaban mota cikin rana, zafi yana ɓata abin da aka shafa masa.