Bindigar kaka mai tambarin kambi da V.R.

Malam, bindigar da ka ce ka gada a Zangon Kumasi, mai hannu a ƙasa da ake dannawa bakin ɗuri ya buɗe, Martini-Henry ce ta Ingila, wadda sojojinsu suka fara riƙewa a 1871. Duba gefen dama: kambi, V.R. (alamar sunan Sarauniya Biktoriya), Enfield (inda aka ƙera ta), sai shekara. In shekarar ta wuce 1901 kuma da V.R., jabu ce, don a 1901 Sarauniya Biktoriya ta rasu.

Lambobin bututu da na jiki su dace, nan kuɗin yake. Don Allah kar ka kankare ta da sanfefa, darajar za ta zube. Shafa mai kawai. Kada ka harba. Kafin ciniki, yi mata rajista wurin 'yan sanda.