Tambaya da Amsa: Cefane Mai Sauƙi a Makka

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu shida ne a gida, a nan Makka, kuma kuɗin cefane ba ya kai mu ƙarshen wata saboda a bakala, wato ƙaramin shagon unguwa, muke sayen komai. Ina ne ake samun rangwame a kayan miya da kayan girki? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bakala ta gaggawa ce, burodi da madara. Kayan miya kuwa halaka za ki nufa, wato babbar kasuwar gwari da ke Ka'akiyya, inda masu bakalar suke sari. Ki je bayan sallar Asuba, kafin rana ta taɓa kaya. Kada ki saya a wurin mutum na farko. Tambayi uku ki ji bakinsu, sannan ki koma ki yi tayi. "Bikam?" shi ne nawa ne, "akhir kalam?" shi ne nawa za ka bari. Ki kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da haraji, don tun shekarar 2020 kashi 15 cikin ɗari ne.

A halaka da kwali ake sayarwa, kuma nan ne mutane suke tafka asara. Saman kwalin tumatir kullum ja ne sumul. Ki sa a ɗaga miki layi biyu, ki taɓa gindin kwalin. Idan ya jiƙe ko yana tsami, na ƙasa ya fashe, ki bar shi ko da rabin kuɗi ne. Wanda kika saya, ki ware masu tauri na kwana uku zuwa huɗu, sauran ki markaɗa da tattasai da albasa a ranar, ki dafa har ruwan ya tsotse, ki ƙulla a leda daidai miya ɗaya-ɗaya, ki sa a firiza. In firizarki ƙarama ce, ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba kwalin.

Albasa ki fitar da ita daga leda, ki baza inda iska ke shiga, nesa da dankali, don haɗa su yana sa dankalin ya yi tsiro da wuri. Shinkafa kuma buhun kilo 10 ya fi ƙananan leda sauƙi, amma ki duba ƙasansa: gari-gari alamar ƙwari ne. Busassun kaya ki saye su tun Rajab, kafin cunkoson azumi.

Tukwane da ludayi, ki zagaya kasuwar Utaibiyya. Ɗaga tukunya ki ji nauyinta, domin mai siririn gindi tana ƙona tuwo kafin ya nuna. Ki girgiza mariƙin, ki rufe murfin ki ga ko ya zauna daram. Shagunan "Abu Riyalain", wato na ƙananan kaya masu araha, sun dace da roba, matsami da soson wanki, amma wuƙa da kaskon suya ki ƙara kuɗi ki sayi masu ƙarko.