Sallar Kasaru a Gidan Hutu na Bakin Teku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya saya mana wani ɗan gida a wani ƙauye da ke bakin teku, kimanin kilomita 300 daga garinmu. Mukan je hutu da iyali, wani lokaci kwana uku, wani lokaci mako biyu. Yayana ya ce tunda gidanmu ne babu kasaru, ni kuwa ina yi. Wa ke kan daidai? Kuma akwai zakka a kan gidan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sanya albarka a gidan, ya ƙara haɗa kanku.

Nisan ya isa. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ɗora kasaru a kan baridi huɗu, wato mil 48, kilomita 80 da 'yan kai, kuma Bukhari ya ambaci cewa Ibn Umar da Ibn Abbas suna kasaru a wannan nisa. Kai iyali hutawa tafiya ce halattacciya, muddin ba saɓo aka je yi ba.

Maganar yayanka tana da asali, kada ka raina ta. An ruwaito daga Imam Ahmad cewa wanda ya shiga garin da yake da iyali ko dukiya zai cika salla. Sai dai Imam Shafi'i ya ce yana nan matafiyi har sai ya yi niyyar zaman kwana huɗu, kuma wannan na fi karkata gare shi. Abin da ke yanke kasaru a wurin Malikiyya shi ne mutum ya shiga garin da ya ɗauka mazauninsa, ko inda matarsa da suka tare take zaune. Takardar mallaka ba ta mai da baƙo ɗan gari. Ku da kuka zo da kayanku a jaka, zuciyarku na kan ranar komawa, matafiya ne ko da mabuɗin yana aljihunku.

Don haka niyyar kwanaki za ku duba. In kwana uku ne, ku yi Azahar da La'asar da Isha raka'a bibbiyu. In kun shiga da niyyar kwana huɗu cikakku ko fiye, ba a ƙidaya ranar isowa idan alfijir ya riga ya keto, to ku cika tun daga sallar farko. Dalilin shi ne hadisin Ala'u ɗan Hadrami a Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya ba Muhajirai damar kwana uku kacal a Makka bayan kammala ibadarsu, malamai suka fahimci abin da ya haura haka zama ne. Hanafiyya sun kai iyakar kwana 15. Kwana 19 da Annabi (SAW) ya yi yana kasaru a shekarar buɗe Makka kuwa, jumhur, wato mafi yawan malamai, sun ɗauke shi a kan wanda bai san ranar tashinsa ba. Ku kun sani, saboda haka a hutun mako biyu cikawa ita ce daidai. Sallolin da ka riga ka yi kasaru a irin wannan zama sun dace da mazhabar Abu Hanifa, ba zan ce ka rama ba.

Idan mahaifinku ya tare a can dindindin, shi ya zama mazauni. Duk wanda ya bi limami mazauni kuma zai cika tare da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne a raba sahu a gida ɗaya, wa yana gefe ƙane yana gefe, yara suna kallo. Ku yi salla tare cikin jam'i. In yayanka ya ja salla ya cika, bi shi, sallarka ta inganta. Ruwan tekun ma ana alwala da shi, domin Annabi (SAW) ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa.

Zakka babu ita a kan gidan da aka ajiye don amfanin kai. In kuna ba da shi haya, kuɗin hayar ne ake fitar wa 2.5 cikin 100 idan sun kai nisabi suka kuma shekara. Allah ne mafi sani.