Ku Tambayi Mai Gyara: Fiyanon Makarantarmu Ya Yi Danƙo

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Gusau. Muna da tsohon fiyano na katako da aka ba mu kyauta. Da hunturu ya shigo na ga ya yi furu-furu, sai na sa ɗalibai suka goge shi da man gyaɗa da ɗan kananzir. Ya yi ƙyalli kwana biyu, yanzu kuwa ya yi danƙo, wasu madannan ma in an danna ba sa tasowa. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, sannu. Ba ke kaɗai ba ce. Mu Hausawa duk abin da muka ga ya bushe, daga ƙafar yaro har ƙyauren ɗaki, mai muke fara nema masa. To fiyano ba kaushin ƙafa ba ne. Katakonsa an riga an rufe shi da fenti mai sheƙi, man ba ya shiga, sai ya kwanta a sama yana jiran ƙura. Ƙurar Gusau kuwa ba ta saɓa alkawari.

Ni ma na taɓa yin wannan ɓarnar ina yaron shago. Na shafe wani fiyano da man kaɗe tun daga sama har ƙasa, ina jiran yabo. Maigidana ya zo ya dangwala yatsa, ya ɗaga, ya nuna mini shatin yatsan, bai ce uffan ba. Kwana uku na yi ina kankare abin da na shafa cikin rabin sa'a.

Ga yadda za ki cire. Ki samu tsohuwar singileti ta auduga, wadda ta sha wanki ta yi laushi, ki yanka uku. Ki ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanoni, ɗigo biyu kacal, a kofin ruwa mai ɗumi. Ki tsoma ƙyalle ɗaya ki matse shi sosai, har in kin ɗora a bayan hannunki sanyi kawai za ki ji, ba jiƙa ba. Ki goge wuri kamar faɗin tafin hannu, ki bi da na ruwa zalla, ki tsane da busasshen. Ki fara gwadawa a gefen da ido ba ya kaiwa.

Madannai su ne wurin taka-tsantsan. Guda 88 ne, farare 52, baƙaƙe 36, kuma ƙarƙashin farin nan katako ne. Ki riƙa gogewa daga ciki zuwa wajenki, ɗaya bayan ɗaya, kada ki share daga hagu zuwa dama, don haka ne ke tura ruwa da dauɗa cikin tsagar da ke tsakaninsu, katakon ya kumbura. Ki ware wa baƙaƙen ƙyallensu, wani lokaci suna zuba. Sannan ki duba fararen da kyau: in kin ga siririn layi ya raba madanni gida biyu, da wasu zane-zane kamar na farce, to hauren giwa ne. Ki lallaɓa shi, tun 1989 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, in ya ɓantale sai dai roba. Kada sifirit ko ruwan bilic su kusance shi. Rawayar da ya yi ta tsufa ce, ki bar masa abarsa.

Waɗanda suka maƙale kuwa, kada ki sa wuƙa ko ki ɗura musu mai. A cikin akwatin nan akwai wayoyi fiye da 200 a ɗaure tamau, jan da suke yi ya kusan tan 20. Wannan aikin mai gyara ne. Sau da yawa in na buɗe, abin da nake tararwa alli ne, ko murfin biro, ko sheƙar ɓera, don ɓera na son ulun da ke kan ƙananan gudumomin ciki masu bugun wayoyin.

Abin da ya fi damuna ma ba man ba ne, bushewar iska ce. Fiyano ya fi son danshin iska kashi 40 zuwa 50 cikin 100, hunturunmu kuwa yakan sauko ƙasa da 20. A nan allon da ke ba da amo yake tsagewa, kusoshin da ke riƙe wayoyi su saki, sauti ya karkace. Ki janye shi daga taga da bangon da rana ke duka, ki lulluɓe shi da zanen gado in an tashi, ki ajiye baho da ruwa a kusa da shi, a ƙasa, ba a cikinsa ba. Damina na sauka ki ɗauke bahon.

Tambaya: Baba, ni ɗan makaɗi ne daga Argungu. Gogen mahaifina ya daina kuka sosai tun da na goge izgar da man shafawa.

Amsa: Ɗana, ka kashe masa murya da hannunka. Izga gashin wutsiyar doki ce, da kaushi take kama tsirkiya, shi ya sa ake goga mata ƙaro. Mai kuwa santsi yake sa ta. Ka wanke gashin kaɗai da ruwan sabulu, kada ya taɓa fatar gogen ko ƙwaryarsa, ka shanya a inuwa, ka sake goga ƙaro. In bai dawo ba, sai sabon gashi. Kuma ka faɗa wa tsohon da bakinka kafin ya ɗauka a gaban jama'a.