Tambaya da Amsa: Zakin da aka rena da hannu yana daina zama haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An buɗe wani wuri da ake biyan kuɗi a ɗauki hoto da 'ya'yan zaki, yarana kuma sun tasa ni gaba sai na kai su. Mai wurin ya ce tun fil azal sarakuna ke ajiye namun daji ana zuwa kallo, kuma dabbar da aka shayar da hannu ba ta cutar da mutum. Hankalina bai kwanta ba. Me tarihi ya nuna? (Wata uwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Rabin maganarsa gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa shi ne yake kashe mutane.

Tabbas al'adar ta daɗe. A tsohon birnin Hierakonpolis na Masar an tono ƙasusuwan giwaye da dorina da gwaggon biri da aka ajiye kimanin shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasunsu ɗauke da karayar da ta warke, alamar duka da ɗauri. Halifa Haruna Rashid ya aika wa Sarki Sharlaman giwa, ta isa birnin Aachen da ke Jamus ta yau a 802. Wannan duk nuna isa ne da mulki, talaka ba shi da rabo a ciki. Gidan namun daji na Schönbrunn a Biyana, wanda aka kafa a 1752, ya fara ne a matsayin mallakar sarki, na Landan kuwa an buɗe shi a 1828 amma sai 1847 aka bar kowa ya shiga.

Abin da mai wurin nan bai faɗa miki ba shi ne, a tsawon wannan tarihi masu hankali ba su taɓa yarda su cire shinge tsakanin mai kallo da dabba ba. A 1686 wata mata ta miƙa hannu tana shafa dantsen zaki a Hasumiyar Landan, inda sarakunan Ingila suke ajiye namun daji a lokacin, ya yage mata hannun, ta rasu. Carl Hagenbeck, wanda ya fi kowa sanin fataucin namun daji a zamaninsa, da ya buɗe gidansa kusa da Hamburg a 1907 ya kawar da sandunan ƙarfe, amma ya haƙa ramuka masu faɗi da zurfi waɗanda zaki ba zai iya tsallakewa ba.

Maganar cewa renon hannu yana sauya halin dabba kuwa, kullum sai na ji ta, har ta ishe ni. Kare da tumaki da awaki sun zama dabbobin gida ne bayan dubban shekaru ana zaɓen masu sanyin hali ana haɗa su, har sauyin ya shiga jininsu ana haifarsu da shi. Ɗan zakin da aka ba madara a kwalba bai bi ta wannan hanya ba. Abin da kawai ya rasa shi ne tsoron mutum, tsoron nan kuwa shi ne yake sa ɗan'uwansa na daji ya kauce idan ya hango ki. Ilhamar farauta tana nan daram, ƙaramin yaro mai gudu ko mai tuntuɓe kuwa shi ne ainihin abin da yake tayar da ita. A 2003 a Las Vegas, damisar Asiya da Roy Horn ya yi shekaru yana wasa da ita a dandali ta cije shi a wuya, bai sake komawa daidai ba. A 2009 a jihar Connecticut, wani birin cimfanzi da aka rena cikin gida tamkar ɗa ya lalata fuska da hannayen wata mata da ya saba gani. Waɗannan masu dabbobi sun fi mai wurinku ƙwarewa da kuɗi nesa ba kusa ba.

Sannan ki tambayi kanki yadda ake samun ɗan zakin da zai zauna shiru a cinyar baƙo. Ana raba shi da uwarsa yana ɗan kwanaki, wasu wuraren har a cire masa farata, bayan 'yan watanni kuma ya yi ƙarfin da ba za a iya riƙe shi ba, sai a nemo wani. Ina ake kai na farkon? A 2016, da hukumomin Tailan suka kwashe damisoshi 137 daga wani wurin ibada da ya shahara da irin wannan hoto, sun tarar da gawawwakin jariran damisa 40 a cikin firji. Amurka ta haramta wa masu kallo taɓa 'ya'yan zaki da damisa a 2022. Abin da yake ƙona mini rai shi ne, a ƙasashe da dama takardar izini kawai ake sayarwa, babu jami'in da zai je ya duba keji ko ya tambayi inda dabbar ta fito, sai bayan an yi ɓarna a kafa kwamiti.

Kada ki kai su wurin nan, Malama. Ki nemi gidan namun daji mai likitan dabbobi na dindindin da shinge biyu, wanda ba ya barin kowa ya taɓa dabba mai farauta, kuma ko a can ki riƙe hannun ƙaraminsu har ku fito.